Hawan Jini Na Ɗauke Mana Iyaye A Zango, Mu Kuwa Muna Cewa Iska Ce

Duk wanda ya daɗe a zangunan Kumasi, ko Aboabo ne, ko Asawase, ko Sabon Zango, ko Akwatia Line, ya saba da irin sanarwar nan da ake yi da lasifikar masallaci bayan sallar asuba: wane ya rasu, za a yi jana'iza bayan azahar. Idan ka tambayi abin da ya same shi, amsar kusan iri ɗaya ce kullum. Jiya ma an gan shi a kasuwa, ya ci tuwonsa, ya kwanta, bai tashi ba. Ko kuma a ce yana cikin alwala ya yanke jiki ya faɗi, kafin a kai shi Gee rai ya yi halinsa. Sai a ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, babu mai ja da ikon Allah. Amma mu matasa da ke haƙa kabari muna ɗaukar makara, mun lura cewa da yawa daga waɗanda muke rakawa ba su tsufa ba. Akwai direban babbar mota, akwai mai goro, akwai tela, akwai uwar marayu mai sayar da abinci a bakin titi, mutanen da gida guda ke ci daga hannunsu. Bayan sadakar uku sai ka ga an cire yaro daga makaranta.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi magana a wannan fili, duk da cewa mu ba likitoci ba ne. Abin da za mu faɗa abu ne da ma'aikatan lafiya ke maimaitawa kullum, sai dai da Turanci ko Asantanci suke faɗinsa, kuma ba ya isa zaure.

Zuciya tsoka ce da ba ta wuce girman dunƙulen hannun mai ita ba, tana bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana domin tura jini ta cikin jijiyoyi zuwa ko'ina a jiki. Idan ƙarfin da jinin ke danna bangon jijiyoyin ya yi yawa, kuma ya zauna haka wata da watanni, shi ne hawan jini. Na'urar awo tana ba da lambobi biyu, na sama da na ƙasa. Wanda aka auna a ranaku biyu daban-daban aka samu 140 bisa 90 ko fiye, to yana da hawan jini. Jijiyar da ta shekara tana shan wannan matsi takan yi tauri ta ƙuntata, kitse ya taru a cikinta. Ranar da ta toshe a zuciya, shi ne bugun zuciya. Ranar da ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Ƙoda da ido su ma suna lalacewa a hankali, ita kanta zuciyar tana iya gajiya har ta kasa aiki, ƙafa ta kumbura, mutum ya kasa kwanciya sai a zaune.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa uku a duniya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suka faru. Ke nan maganar da ake yi cewa ciwon masu kuɗi ne, ko ciwon Turawa, ba ta da tushe. A nan Gana, wani nazari da aka buga a 2021, wanda ya tattara binciken da aka yi ta yi a ƙasar nan, ya nuna cewa kashi 27 cikin 100 na manya suna da hawan jini. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne, a cikin masu ciwon kusan kashi 35 ne kawai suka san suna da shi, kashi 22 ke shan magani, kashi 6 kacal ne jininsu ya sauka yadda ake so. Mai karatu ya duba sahun da yake tsayawa a masallaci, ya ƙirga huɗu-huɗu.

Akwai kuma wani bincike da ya shafe mu kai tsaye. Tsakanin 2012 da 2015, masana a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Charles Agyemang na Jami'ar Amstadam sun auna 'yan Gana mazauna ƙauyukan jihar Ashanti, da mazauna Kumasi da Obuasi, da kuma waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amstadam, Landan da Balin. Sun samu hawan jini a kashi 22 na mazan ƙauye, amma a mazan da ke Balin ya kai kashi 57. Ƙiba mai yawa kuwa, ba ta kai mace ɗaya cikin goma ba a ƙauye, a birni ta kama kusan ɗaya cikin uku. Jini ɗaya ne, asali ɗaya, abin da ya canza shi ne ci da zama. Mu 'yan zango jikokin fatake ne, waɗanda suka tako da ƙafa daga Kano, Katsina da Sakkwato zuwa Salaga da Kumasi saboda goro. Yau jikan bafatake ba ya zuwa bakin titi sai a bisa babur. 'Yan'uwanmu da ke Jamus, Italiya da Amurka suna aiko mana da kuɗi, su ma wannan magana tasu ce.

Babbar matsalar hawan jini ita ce ba ya sallama. Mutum na iya yawo da shi shekara goma bai ji komai ba. Sau da yawa idan muka ce wa dattijo, "Baba, a zo a auna jini," amsar ita ce, "Yaro, ni lafiyata ƙalau, ko ciwon kai ba na yi." To ai ciwon kai ba shi ne ma'auni ba. Wasu na fama da ciwon kai jininsu daidai, wasu kuma jininsu ya haura 180 suna hira suna dariya. Babu hanyar sani sai an ɗaura na'ura a hannu.

Ranar da abin ya faɗo kuwa, a nan ne muke yin babbar asara. Mutum ya tashi da safe baki ya karkace, hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa, magana ta sarƙe. Nan take sai a ce iska ce ta buge shi, ko ya taka wani abu, ko jifa ne daga abokin kasuwa ko kishiya. A rufe shi a ɗaki, a kawo hayaƙi, a shafa mai, a ɗura masa ruwa. Sai bayan kwana biyu ko uku, da aka ga abin ya ƙi, a nemi mota. Ba mu ce kada a yi addu'a ba, addu'a takobin mumini ce, ana iya yin ta a cikin mota a kan hanyar asibiti. Amma a sani cewa kowane minti ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na mutuwa, kuma allurar da ke narkar da gudan jini tana aiki ne idan an yi ta cikin kusan awa huɗu da rabi na farko, bayan an ɗauki hoton kai an tabbatar toshewa ce ba fashewa ba. Ɗura wa mai shanyewar jiki ruwa ko kunu haɗari ne, domin haɗiya takan lalace, abin ya zarce huhu. Lambar gaggawa a Gana ita ce 112, idan kuma motar asibiti za ta yi jinkiri, a tari tasi. Banda wannan, ƙazafin jifa ya raba zumunci a gidaje da dama, alhali na'urar awo ce kawai ba a ɗaura ba.

Haka nan bugun zuciya. Nauyi a ƙirji kamar an ɗora dutse, yana tafiya zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, ga gumi mai sanyi, ga numfashi sama-sama. Mutanenmu sukan ce olsa ce, su aika yaro kantin magani. Mata da masu ciwon suga wani lokaci ba sa jin ciwon ƙirjin sosai, sai gajiya, tashin zuciya da haki.

Yanzu bari mu shiga madafa, domin a nan maganar take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce gram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma wannan ya haɗa da duk gishirin da ke ɓoye a cikin abinci. Yawancin mutanen duniya suna cin ninki biyu na haka. To a duba tukunyar miya ɗaya a gidajenmu. An sa gishiri da hannu. An murƙushe dunƙulen ɗanɗano biyu ko uku, wanda kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. An jefa momoni ko koobi, kifin da gishiri ne ke riƙe da shi, ko naman nan mai gishiri da ake kira toolo. An zuba tumatirin gwangwani. A gefe ga shito, shi ma da nasa. Da dare yaro ya sayo taliyar leda ya juye garin ɗanɗanonta duka, ya ƙara sadin. Da safe burodi, wanda mutane ba sa ɗauka a matsayin abinci mai gishiri, alhali yana da shi. Ko yajin tsire ba a bar shi ba.

Sai kanwa. Wake da shinkafa abincinmu ne, daga zango ya fita har sauran 'yan ƙasa suka ara suna kiransa waakye, kuma muna alfahari da shi. Wake kansa abinci ne mai kyau ga zuciya. Amma kanwar da ake sawa domin ya yi laushi, da wadda ake sawa a miyar kuɓewa da ayoyo domin yauƙi, akasarinta sinadarin sodiyam ne, shi ne dai sinadarin da ke cikin gishiri yake tayar da jini. Jiƙa wake tun dare yana rage buƙatar kanwa, yana kuma rage gawayi. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Al'adar ta biyo kakanninmu har nan, don haka muna roƙon iyayenmu mata, Hajiyoyi da ungozomomi, a sassauta wa mai jego kanwa, musamman wadda jininta ya hau lokacin goyon ciki. Irin wannan mace tana buƙatar a ci gaba da auna ta ko bayan an yi suna, har ma shekaru bayan haka.

Mun san abin da za a ce, miya ba dunƙule ai ruwa ce. Amma kakanninmu da daddawa, citta, tafarnuwa, albasa, kanumfari da busasshen kifi suka yi miya, ba a ce ba ta da daɗi ba. Harshe yana sabawa. Idan aka rage kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni mai gida ba zai lura ba. Koobi da toolo kuwa a jiƙa su a zubar da ruwan kafin a sa, kuma ranar da aka sa su kada a ƙara gishiri. A nan maza ne ke da laifi babba, domin mace na rage gishiri sai mai gida ya ture kwano ya fita ya sayi na waje.

Zaƙi shi ne na biyu. Gwangwanin lemon kwalba mai mililita 330 yana ɗauke da sukari kusan gram 35, alhali abin da ake so babba ya tsaya a kai bai wuce gram 50 a yini ba, in ma da hali 25. Lemon malt da muke ɗauka abin ƙarin jini ne, shi ma sukari ne cike. A ƙara da kokon safe mai cokali uku, da burkina, da fura mai madarar gwangwani, da atayar majalisa zagaye uku. A 2023 gwamnati ta sa harajin kashi 20 cikin 100 a kan abin sha mai zaƙi, amma a wurin suna da biki da walimar alhazai har yanzu da katan-katan na lemo ake auna arzikin mai gida. Zoɓo, wanda ake kira sobolo a nan, bincike ya nuna yana ɗan sauke jini, sai dai yadda ake cika shi da sukari ya ɓata amfanin, kuma ko babu sukari ba ya maye gurbin magani. Ciwon suga da hawan jini abokan tafiya ne, idan suka haɗu a jiki ɗaya haɗarin zuciya da ƙoda ya ƙaru.

Man suya da ake maimaitawa har ya yi baƙi, da kitsen nama, da ganda da kayan ciki kullum, su ma a rage. Ganye da 'ya'yan itace kuwa a ƙara, ana son gram 400 a yini, kuma ba sai tufa ta kanti ba: lemo, ayaba, gwanda, kankana, gauta, kontomire, zogale da alayyafo duk suna Kejetia da kasuwar Aboabo.

Maganar ƙiba tana da wuyar faɗi a zango, domin a wurinmu tumbi alamar Alhaji ne, matar da ta yi ƙiba kuma an ce miji na kula da ita. Har akwai 'yan mata masu shan ƙwayoyi domin su cika kafin biki, wasu ƙwayoyin kuma suna tayar da jini da suga. Akwai awo mai sauƙi da kowane tela zai iya yi maka da tef ɗinsa: faɗin kugu, daidai wajen cibiya, kada ya kai rabin tsayinka. Mai tsayin santimita 170, kugunsa ya tsaya ƙasa da 85.

Mu matasa kada mu ɗauka maganar dattawa ce kawai. Shisha ta shigo majalisunmu da sunan gayu, ana cewa ruwan yana tace dafin. Ba ya tacewa, taba ce, ga kuma hayaƙin gawayi a kai, kuma zama ɗaya na awa guda hayaƙin da ake zuƙa ya ninka na karan sigari sau da yawa. Dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, amma doka ba ta shiga lungu. Wanda ya daina taba, cikin shekara guda haɗarin ciwon zuciyarsa yakan ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da mai ci gaba da sha. Ga kuma masu haɗa tiramadol da lemon ƙara kuzari domin su yi aikin dare a bisa pragya ko aboboyaa, ga magungunan ƙarfin maza na cikin kwalba da ake talla a tasha, waɗanda ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, da leburori da 'yan dako ke sha kamar gyaɗa, suna tayar da jini suna cin ƙoda idan aka mai da su abincin kullum.

Motsa jiki kuwa, abin da ake nema minti 150 ne a mako, wato rabin awa sau biyar, tafiya mai ɗan sauri wadda za ta sa ka haki amma kana iya magana. Wanda ke zuwa masallaci da ƙafa, ya sauka daga torotoro tasha ɗaya kafin tasa, ya riga ya kama hanya. Inda muke da gyara shi ne wajen mata. Matar da ta fito tafiya da sassafe sai a bi ta da ido da tsegumi, alhali masu motsa jiki na wasu unguwanni suna cika titin filin wasa na Baba Yara ranar Asabar, maza da mata. Hijabi ba ya hana tafiya. Idan mata biyar suka haɗu suka zaga unguwa bayan asuba, aikin samari ne su tabbatar ba wanda ya dame su.

Wanda aka riga aka ce yana da hawan jini, maganinsa ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a ajiye. Yawancin mutane za su sha shi ne har iyakar rayuwa. Da yawa suna sha wata ɗaya, a auna a ga ya sauka, su ce sun warke. Maganin ne ya sauke shi, ana dainawa zai koma. Akwai kuma dalilin da maza ba sa faɗa a fili, tsoron cewa maganin yana rage ƙarfin namiji. Gaskiya ne wasu nau'o'in sukan yi haka ga wasu mutane, amma shi kansa hawan jinin da suga su ne kan gaba wajen kashe wannan ƙarfi, domin jijiyoyin jini suke lalatawa. Magungunan iri-iri ne, idan ɗaya bai karɓe ka ba, ko ya kumbura maka ƙafa, ko ya sa ka tari, ka faɗa wa likita ya canza. Idan azumi ya gabato a je a tambayi yadda za a mai da lokacin sha zuwa sahur ko buɗa-baki, kada a ajiye shi wata guda.

Ta fuskar kuɗi ma lissafin a fili yake. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2003, tana ɗaukar ganin likita da magungunan hawan jini na yau da kullum, kuma ana sabunta kati ta waya da *929#. Wani lokaci a ce maganin ya ƙare a saya a waje, wannan koke ne na gaskiya, amma kuɗin ƙwayar wata guda ba ya kusa da kuɗin jinyar wanda ya shanye, da wanda zai bar sana'arsa ya zauna yana juya shi. Cibiyar tiyatar zuciya ta asibitin Korle Bu a Akara, wadda Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa a 1989, abin alfahari ce ga ƙasa, sai dai duk wanda ya taɓa zagayawa da takardar neman taimako masallaci-masallaci ya san abin da tiyata ke ci.

Abin da muke nema daga sarakunan zango, limamai da magajiyoyi bai fi ƙarfinmu ba. Na'urar awon jini mai batir, irin wadda ake ɗaurawa a damtse, kuɗinta bai kai na lasifikar da muke saya wa masallaci ba. Kowane masallacin Juma'a da kowace makarantar matan aure su mallaki guda, da littafin rubuta suna da lamba. A kowace unguwa muna da 'ya'yan zango da suka karanta aikin jinya, su koya wa samari biyu da 'yan mata biyu yadda ake awo: mutum ya zauna ya huta minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana, kuma bai ci goro ko ya sha shayi ko taba ba cikin rabin awar da ta wuce. Wanda aka samu 140 bisa 90 ko fiye, a sake aunawa wata rana, idan ya maimaita a haɗa shi da yaro ya raka shi asibitin Manhyia ko Tafo ko wanda ya fi kusa. Wanda ya kai 180 bisa 120, ranar nan zai ga likita, idan kuma da ciwon ƙirji, ko jiri, ko gani dishi-dishi, nan take. Masu awon ba za su ba kowa magani ba, aikinsu su auna, su rubuta, su raka. Ranar 17 ga Mayu ce ranar hawan jini ta duniya, 29 ga Satumba kuma ranar zuciya, muna roƙon limamanmu su ware huɗubar Juma'ar da ta fi kusa da kowace ɗaya, mu kuma za mu kawo tebur da kujeru a ƙofar masallaci.